'Yar Mai Katako Za Ta Karatun Kiyaye Daji

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, kin sami ɗaki, kin ci abinci mai zafi. Allah Ya sa kin shiga Sakkwato a sa'a, Ya tsare ki a garin da ba ki san kowa ba. Ni na roƙi mahaifiyarki ta tura takardar can ƙasan akwatinki, ƙarƙashin zannuwan gado, don kada ki gan ta sai kin yi nisa da mu. Kin san halina. A kasuwa ina iya wuni ina ciniki da baƙo, amma in na zauna gabanki sai bakina ya yi nauyi, in ƙare da tambayarki ko kin yi salla. Wataƙila don sunan mahaifiyata kika ci ne, har yau ina jin nauyinki. To yau na ɗauki biro.

Godiya ce ta sa ni rubutu kafin komai. Ina gode wa Allah da Ya nuna mini ranar da 'yar mai sayar da katako za ta shiga jami'a, kuma ba kowane karatu ba, karatun kiyaye albarkatun ƙasa, wato daji da ruwa da ƙasar noma da namun da ke cikinsu. Sunansa na Turanci har yau harshena bai iya shi ba. Abokaina na layin 'yan katako sun sauƙaƙa mini, sun sa masa suna karatun kama Lawal, wato ni. In na shigo sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, da hannunka ka kai yarinya inda za ta dawo ta rufe maka shago?" Da farko haushi nake ji. Yanzu tare muke dariyar.

Ba ni da ilimin da zan ba ki guzurinsa, malamanki sun fi ni. Abin da nake da shi kurakuraina ne, kuma suna da yawa. Zan ba ki kaɗan ki tafi da su, ko za su rage miki hanya.

Na baya-bayan nan kin san shi, don a kanki ya faɗa. Ranar da kika zo kika durƙusa kika ce, "Baba, na zaɓi abin da zan karanta," ni na riga na gama zaɓa miki a raina. Haɗa magunguna nake so ki karanta, in gan ki cikin farar riga a ɗaki mai sanyi, kusa da gida. Da kika faɗi naki ban ma bari kin kai ƙarshe ba. Na ce, "Daji? Ni za ki gaya wa daji? Babu abin da ke cikinsa sai ƙudan tsando da wahala." Na tashi na bar ki a durƙushe. Daga nan na ɗauke miki wuta. Ki gaishe ni in amsa da ka, ki kawo abinci in ce ajiye. Ke kuwa ba ki fasa gaisuwa ba, ba ki fasa kawo abincin ba, kuma ba ki canja magana ba.

Mahaifiyarki ce ta gaji. Wata safiya ina shirin fita ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Alhaji, zo ka ga wani abu." Ta kai ni bayan kicin, lungun da na ɗauka tarkace ake zubawa. Sai ga ledojin fiya-wata a jere, an cika su da ƙasa, kowace da ɗan tsiro a ciki: mangwaro, zogale, ɗorawa, har da maɗaci. Na gane ganyen maɗacin nan take, ai na daɗe ina sayar da jikinsa.

Ta ce, "Tun tana firamare take wannan. Itatuwan da kake gani a ƙofar gidajen layin nan, da yawansu daga nan suka fita. Kowa a unguwa ya sani sai kai."

Na ce, "To me ya sa ba a gaya mini ba?"

Ta ce, "Ka taɓa tambaya?"

Ranar ban je kasuwa da wuri ba. Na tsuguna a lungun nan na yi wa kaina faɗa. Don gaskiyar magana, Ummi, ba tsoron ki sha wahala ne kaɗai ya sa ni fushi ba. Ji na yi kamar kin dubi sana'ar da na ciyar da ke da ita kin ce ba ta yi ba. Alhali ke ba ki taɓa faɗin haka ba, ni na faɗa wa kaina a madadinki, sannan na hukunta ki a kai. Saboda haka ga abu na farko: in wani ya zo miki da maganar da ba ta yi miki daɗi ba, ki bar shi ya kai ƙarshe, ki tambaye shi dalili. A can za ki zauna ɗaki ɗaya da 'yan matan da ba yarenku ɗaya ba, wataƙila ba addininku ɗaya ba. Kada ki yanke wa kowa hukunci da abin da kika raya a zuciyarki. Kuma na gode miki da haƙurin da kika yi da ni. Wata yarinyar da ta bar abin da take so don a daina ɗaure mata fuska, wata kuma da ta ɗaga murya. Ke ba ki yi ko ɗaya ba.

Abin da ya sa maganarki ta soke ni haka yana da tushe, kuma ba ki san shi duka ba. Tun kafin a haife ki, lokacin ina da ƙarfi, ba zama nake a shago ana kawo mini katako ba. Ni da kaina nake ɗaukar masu injin yanka mu bi hanyar da ta wuce Mando, mu shiga dazuzzukan yamma. A lokacin hanya lafiya lau take, sai ka kwana a ƙauye ba abin da ya dame ka. Akwai wani ƙauye da na fi zuwa, yana bakin rafi, maɗaci da madobiya sun rufe gaɓarsa har rana ba ta taɓa ruwan sosai. Ruwan nan ko da bazara ba ya ƙafewa, yara suna kamun kifi a ciki.

Wata rana mun kayar da itatuwa muna lodi, sai ga malamin daji a kan wani tsohon babur. Ma'aikacin gwamnati ne mai kula da dajin yankin, dattijo siriri, takalminsa duk ya sha faci. Ya dubi gungumen da muka tara, ya dubi takardata, ya ce abin da na yanka ya wuce abin da aka ba ni izini. Na ja shi gefe kamar yadda na saba ji ana yi, na danƙa masa na goro. Ya dubi hannuna, ya mayar mini da shi a hankali, ya rufe yatsuna a kai da hannunsa. Bai ɗaga murya ba, yarana ma ba su san abin da ya faru ba.

Ya ce, "Alhaji, mayar aljihu. Zo mu taka kaɗan."

Muka bi gaɓar rafin. Ya nuna mini saiwoyin wani maɗaci yadda suka riƙe ƙasa, ya nuna mini inda muka sare a zuwanmu na baya, gaɓar ta fara zaizayewa tana faɗawa ruwa. Ya ce, "Ban zo in hana ka cin abinci ba, ni ma a kan kujerar katako nake zama. Abu biyu nake roƙonka. Ka bar na bakin ruwa, ka bar waɗanda ba su kai ba." Ya kwance gorar ruwansa daga babur ya ba ni na sha. Ya rubuta abin da doka ta ce ya rubuta, na biya tara, muka rabu.

Da zan ce miki na ji maganarsa, da na yi ƙarya. Da na koma wurin yarana cewa na yi, "Wannan boko ya ɓata shi." Na riƙa aiko su ta wata hanya da babur ɗinsa ba ya bi. Ba ni kaɗai ba ne, muna da yawa, amma ni dai an kira ni gefe an gaya mini.

Bayan shekaru, kina 'yar makaranta, dattijon da yake saukar da ni a ƙauyen ya yi rashin matarsa, na je masa ta'aziyya. Ummi, ban gane wurin ba. Rafin ya zama faffaɗan yashi, gaɓarsa ta ci gonakin da ke kusa. Mata na gani a tsakiyar yashin suna tona rami, suna jira ruwa ya tsatso su kwasa da ƙoƙo. Na zauna a kan tabarma ina jira wani ya ce, ga ɗaya daga cikin masu sare mana itatuwa nan. Ba wanda ya ce. Dattijon ya riƙe hannuna yana ta godiya da na tuna da shi, ya sa aka kawo mini ruwa a kwanon sha. Na san inda aka ɗebo shi, na san wahalar da aka sha kafin ya cika kwanon nan. Na sha, amma da ƙyar ya wuce.

Na nemi malamin dajin nan daga baya, aka ce ya yi ritaya ya koma garinsu. Ko sunansa ban riƙe ba. Amma har yau ina sa shi a addu'a, kuma in na dube ki sai in ga kamar Allah ne Ya karɓi wata addu'a tasa a cikin gidana. In kin gama karatu, aikinsa za ki yi ko makamancinsa, kuma za ki gamu da irina. Za su zo da fara'a, su kira ki 'yata, su ce ga na mai a mota. Kada ki karɓa, ko sau ɗaya, ko kina cikin matsi. Amma ki koyi yadda ya ƙi. Bai tozarta ni gaban yarana ba. Da ya zage ni ranar, da tuni na manta da shi, in ce wani mai girman kai ne. Ruwan da ya ba ni ne ya sa maganarsa ta zauna. Kuma kada ranki ya ɓaci in kin yi magana an yi miki dariya. Wani sai bayan shekaru maganar take isa gare shi, lokacin ke ba ki ma nan.

Akwai kuma kuskuren da na yi a nan gida, a Badarawa, wannan kuwa wataƙila kina ɗan tunawa. Kin san kwarin da ke bayan gidanmu, inda ruwan sama yake bi ya gangara. Da na sami ɗan hali sai na ga filin nan yana zaune a banza. Na sa aka zuba ƙasa da ɓaraguzai, na ja katanga na shigo da shi cikin gida, da niyyar in yi ɗakunan haya. Mahaifiyarki ta ce, "To ruwan fa, ina zai bi?" Na ce zai nemi hanyarsa. Ya kuwa nema. Wata Juma'a da damina, mun sauko daga masallaci ke nan aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwan ya zo ya tarar da katangata, ya juya, ya faɗa gidan maƙwabcinmu na gangare, Malam Isiyaku tela. Ga Salla ta matso, ɗakinsa cike da yadin mutane. Kekunan ɗinkinsa suka nutse, shaddoji da atamfofi suna yawo a tsakar gida, matarsa ta ɗora yara a kan gado tana salati.

Washegari da safe aka yi sallama. Na fito ina jiran sammaci, ko aƙalla zagi. Sai ga Malam Isiyaku, wandonsa a naɗe har gwiwa, da diga biyu a kafaɗa. Ya miƙo mini ɗaya.

Ya ce, "Alhaji, ina kwana. Zo mu ba ruwan nan hanyarsa tun kafin hadari ya sake haɗuwa."

Na fara ba shi haƙuri, ya ce, "Za mu yi wannan daga baya. Fara ta can, ni in fara ta nan."

Mu biyu muka rushe katangar da na gina da alfahari, mutanen layi suka fito da shebur suka taya mu kwashe ƙasa. Maganar asararsa mun zauna mun daidaita, amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Mutumin nan da kansa ya bi gidajen masu yadi yana ba su haƙuri, bai taɓa cewa laifin maƙwabcina ne ba, ko da yake kowa ya sani. Shi ne kuma ya ɗinka miki sababbin hijaban da ke cikin akwatinki, ya ce masu ƙarfi ne, ƙaya ba za ta yage su da wuri ba. In kin samu natsuwa ki kira shi ki yi masa godiya da bakinki.

Abin da na koya ranar, malamanki za su koya miki shi da zane a allo, amma ki ji shi daga wanda ya riƙe digar. Duk abin da ka yi a tudu, na gangare ne yake shansa, kuma sau da yawa shi ne wanda ya fi ka rashin hali. In kin yi kuskure, a aji ne ko a wurin aiki, kada ki tsaya tsara bayani. Ki fara gyara, bayanin ya biyo baya.

Yanzu ga wata magana da ba kuskurena ba ce, tsoro ne nake ji kada ya zama naki. Za a koya miki illar sare itace da yin gawayi, kuma gaskiya ne, na gani da idona. Amma ina roƙonki kada ilimin nan ya sa ki rena mai ɗauke da itacen girki a ka. Kin tuna lokacin da gas ya yi tsada, mahaifiyarki ta tura tukunyar gas ƙarƙashin tebur ta fito da murhun gawayi? Ba don ba ta san daji yana ƙarewa ba ne. Yara ne za su dawo makaranta da yunwa. Matar da za ki tarar a ƙauye tana sarar itace, haka take. In kin ce mata ta bari, tambayar da za ta yi miki ita ce da me za ta dafa tuwo. In ba ki da amsa, to karatun bai ƙare ba, ki koma ki nemo.

Ni ma ba zan ce miki na zama waliyyi ba. Har gobe katako nake sayarwa, ba ni da wata sana'a. Abin da na iya shi ne na daina shiga daji, na koma sayen malaina da sauran itatuwan da aka dasa don a yanka, kuma ina tambayar takardar izini. Wani lokacin na san takardar ba ta cika ba, in kawar da kai, don in ban saya ba na kusa da ni zai saya. Ga inda nake. Kada ki ji kunyar cewa babanki mai katako ne in an tambaye ki a aji. Bencin da kike zaune a kai, wani irina ne ya sayar da shi. Mutane ba za su daina bukatar ƙofa da gado da rufi ba. Abin da muka kasa sani, mu 'yan kasuwa, shi ne yadda za a yanka kuma ya kasance akwai na gobe. Wannan nake so ki koyo. In kin zo hutu, ki zauna ki yi mini bayani dalla-dalla da Hausa, ni kuma in kai layinmu. Wasu za su yi dariya, na san su, amma akwai masu ji.

Sai maganar da ta fi hana ni sukuni. Mahaifiyarki ta ce akwai lokacin da za a riƙa fita da ku daji don aikin gani da ido. Ummi, dajin da na sani ba shi ne na yanzu ba. Ƙauyen da na ba ki labari, yau ko ta'aziyya ba na iya zuwa. Kada ki bi kowa shiga daji sai da malamanku da sanin makaranta. Duk inda kuka sauka, ku fara gaida mai gari, kuma in mutanen wurin sun ce kada a wuce nan, to a tsaya nan, ko da abin da kuke nema yana gaba kaɗan. Babu makin da ya kai ranki. Kafin ku fita ki kira mu ki faɗi sunan wurin, in kun dawo ki sake kira. Ki sa takalmin nan mai rufi ko da abokanki sun ce ya yi muni, ki dubi inda za ki sa ƙafa da inda za ki zauna. Za ki tarar maza sun fi yawa a ajinku. Ki yi aikinki da su cikin mutunci, kada ki noƙe a baya don ke mace ce, kada kuma ki bar kowa ya saba da ke fiye da kima. Ki riƙe salla a kan lokaci ko a gindin itace ne. Ki ci abinci, na san ki in kin sa abu gaba mantawa kike yi.

Mahaifiyarki kuwa, ki riƙa kiranta ko ba ki da labari. Ita ta gan ki tun ba wanda ya gan ki. Duk abin da kika zama, bayan Allah, ita ce. Ni ma abin da na gyara a rayuwata, in na bi sawunsa, sai in tarar ita ta fara faɗa na ƙi ji.

Gobe in Allah Ya kai mu zan raka ki tashar Kawo. Zan sa a ɗaure kayanki da kyau, in yi magana da direba, in duba tayoyinsa. Daga nan za ki ga na ce miki ana jirana a shago, na juya na tafi tun mota ba ta cika ba. Lokacin da kike karanta wannan kin riga kin ga hakan, wataƙila ma ranki ya sosu. To ki sani ba wanda yake jirana. Ba zan iya tsayawa in ga motar ta ɗaga da ke a ciki ba ne, ga kuma mutane.

Allah Ya kiyaye hanya a gabanki da bayanki. Ya tsare ki daga mugun ji da mugun gani, da sharrin mutum da na daji. Ya buɗa miki ƙirji, Ya haɗa ki da malamai masu tausayi da abokai na gari. Ya sa ilimin da za ki samo ya amfani mutanen da ba za su taɓa sanin sunanki ba. Na yafe miki duniya da lahira, ko da yake ban san abin da kika yi mini ba. Ke ma ki yafe mini. Allah Ya dawo mana da ke lafiya, Ya yi miki albarka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Lawal
Badarawa, Kaduna